Gwaggo Mai Tambaya da Hanyar da Ta Ci Zaurenmu

A zaman makokin Gwaggo na ga abin da ban taɓa gani a gidan mutuwa ba. Mutum zai shigo fuska a ɗaure, ya zauna, a yi addu'a a shafa, ya ce Allah ya ba mu haƙuri. Sai ya tsura wa tabarma ido, can ka ga bakinsa na motsi yana neman danne murmushi. Daga nan sai ya ce ai shi ma ta taɓa tambayarsa kaza.

Wata tsohuwa da ta hayo gada daga Malanbil ta ce Gwaggo ta taɓa tsare ta a kasuwa har rana ta take, tana son jin abin da ke sa garin rogon mutanen kudu tsami. Wani tsohon direban kamyo, babbar motar kaya, ya aiko daga waje, inda maza ke zaune, a gaya mana shi har yau bai ba ta amsarta ba, don ta tambaye shi in duk ruwan Kwara teku yake shiga, me ya hana tekun cika. Matar tsohon liman ta ce mijinta in ya hango Gwaggo tafe bayan la'asar sai ya ce a rufe masa abincinsa, ya san magariba ce za ta raba su. Aka yi dariya, aka koma aka yi kuka. Ƙanwata ta ji haushi, ta ja ni gefe ta ce wannan ba tsari ba ne, mutuwa aka yi ba suna ba. Na ce ta bar su, kowa da abin da mamaci ya bar masa.

Abin da ya dame ni shi ne jikokina. Suna zaune suna kallon mutane baki buɗe, don su tsohuwar da suka sani ita ce mai kwanciya a ɗaki tana kiran a kawo mata ruwa. Don su na zauna rubuta wannan, kafin mu da muka san ta a tsaye mu ma mu bi ta.

Yayar mahaifina ce, ciki ɗaya. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai Baba ya ba ta ni riƙo tun daga yaye, don haka a ɗakinta na girma, a hannunta na koyi bandar kifi. Wurin bandarmu yana bakin kwata, inda Sarkawa ke sauke kamun safe, mu mata mu saya mu gyara mu ɗora a wuta. A gida Dandanci muke yi. Hausar Gwaggo ta kasuwa ce, wajen ciniki ta tsince ta, kuma har ta koma ga Allah ba ta raba "kai" da "ke" ba, tunda a harshenmu babu wannan bambanci. Ƙaton namiji sai ta ce masa ke, yarinya ta ce mata kai. 'Yan kasuwa sun saba, ba mai kulawa.

Ba ta gyara kifi ba tare da ta buɗe tumbinsa ta ga abin da ya ci ba. Aiki na jiranmu, ƙuda na bin kwando, ita tana tsugune tana nuna mini wani ƙaramin kifi da ta ciro daga cikin giwan ruwa, tana mamakin yadda ya haɗiye shi ta kai ba ta wutsiya ba. Wata shekara ta ɗaure kayanta ta shiga mota har Faraku, ba saye ba sayarwa, don kawai ta ga jirgin ƙasa da ake ba ta labari. Ta dawo ta ce abin bai kai yadda ake faɗa ba, amma ta ji daɗi da ta gani. In kana ba ta labari ka kai ƙarshe, sai ta ce, "To, daga nan fa?" Ka ƙara, ta sake cewa daga nan fa, har ka kai inda saninka ya tsaya. In ka fusata ta ce ita ba musu take yi ba, so take ta gane.

Labarin da na fi so jikokina su riƙe ya faru zamanin soja. Lokacin ina da aurena da 'ya'yana, amma kullum tare muke banda. Garinmu Gaya ya fara cika. Motocin kaya na yin layi suna jiran duwan, wato 'yan kwastan, mutanen da fari ya koro daga arewa sun sauka sun kakkafa bukkoki duk inda suka ga sarari. Rannan mai shela ya zaga da ganga ya ce an kawo taswira daga Yamai, wadda ta nuna yadda gari zai kasance nan da shekaru masu yawa, kuma kumandan, sojan da ke riƙe da garin, ya ce kowa ya zo biro, wato ofishinsa, ya gani ya faɗi ra'ayinsa.

Ba wanda ya ɗauki maganar a kan fuskarta. A wancan zamani ko a shagon mai shayi mutum sai ya waiga kafin ya ambaci gwamnati, to ina ga a ce ka zo gaban mai kaki ka faɗi abin da ke ranka. Wasu suka ce tarko ne, ana son a gane masu dogon baki. Baba ya tara mutanen gidanmu ya ce shi zai je a madadin kowa, zai zauna, in an gama ya ce madalla ya taso, iyakar abin da ake bukata ke nan. Gwaggo na gefe tana ɓare goro. Ta ce ita ma za ta. Ya ce me ya kai mace. Ta ce ta ga hoton mutumin da ya mutu, ta ga hoton wurin da ba ta taɓa zuwa ba, amma ba ta taɓa ganin hoton abin da bai riga ya zo duniya ba, kuma ba za a kawo shi har garinsu ta zauna tana jin labari ba. Tunda yayarsa ce bai iya hana ta ba. Ya dube ni ya ce in bi ta in riƙe mata baki.

Da hantsi aka yi taron, a farfajiyar biro. An kafa allo an manna wata ƙatuwar takarda mai layuka da launi-launi. Kumandan na kan kujera da kakinsa, jandarmomi a bayansa. Wani siririn saurayi Bazabarme, wanda shi ya yi zanen, ya tashi ya yi bayani da Faransanci, ya juya da Zabarmanci da Hausa: nan sabuwar tasha, nan lakwal, wato makarantar boko, nan filayen gidaje. Ya gama ya ce ko akwai mai magana. Shiru. Kumandan ya ce an ce a yi magana. Wani dattijo ya ce Allah ya taimaki gwamnati, aka amsa da amin, maza suka fara laluben takalmansu.

Ban ankara ba sai na ji zanen Gwaggo ya zame daga hannuna. Ta ratsa ta tsakiyar maza ta tsaya gaban allon, hancinta ya kusa taɓa takardar. Sannan ta juya ga kumandan ta ce da Hausarta, "Ke soja, a cikin nan ina ne inda nake tsaye?"

 Na hango Baba ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kumandan ya dube ta ya daɗe, sai gefen bakinsa ya motsa, ya ce wa mai taswira ya nuna wa tsohuwa inda take tsaye. Daga baya muka ji shi ma uwarsa haka take Hausa.

Saurayin ya ɗora yatsa a wani ɗan murabba'i. Ta tambayi kogi, ya nuna mata shuɗin layi. Ta tambayi gada, ta tambayi kasuwa, tana bi da yatsa tana gyaɗa kai, har ta gane yadda abin ke tafiya. Sai ta kai ga wasu ɗakuna-ɗakuna da aka zana birjik a arewa, inda mu muka san ba kowa sai duwatsu. Ta ce mutanen da za su zauna nan, yanzu suna ina. Ya ce wasu suna ƙauyuka, amma yawancinsu ba a haife su ba tukuna. Gwaggo ta tafa hannu ta yi dariya, ta ce wato an share wa baƙo ɗaki tun uwarsa ba ta yi wayo ba. Ban taɓa ganin abu ya burge ta haka ba. Sannan ta ce daga nan fa, ina wurin bandarta.

Nan dariya ta ƙare. Wani jan layi mai kauri ya taso daga kwata ya nufi sabuwar tasha, hanyar gudron ce, wato ta kwalta, da za a yi. Ya bi ta kan wurin bandarmu, wanda aka ce za a mai da shi can bayan gari. Ta ci gaba da bin layin da yatsa tana kiran sunayen gidajen da ta gane, har ta tsaya. Layin ya yanke gaban gidanmu, ya ɗauke zauren da kakanmu ya gina.

A gida Baba ya yi faɗan da ban taɓa jin ya yi mata ba. Ya ce ta kunyata shi, ta kira soja mace a gaban jama'a, kuma yanzu gari duka ya san gidansa na kan hanya. Ta bar shi ya gama, ta ce da ba ta tambaya ba, layin zai goge kansa ne? Kashegari da safe sai ga jandarma a ƙofar gida yana sallama. Matan gida suka fara salati, ni na shiga haɗa mata zane da goro ko za a riƙe ta. Ashe kumandan ne ya ce tunda duk garin mutum ɗaya ya yi tambaya, a sa ta cikin dattawan da za su zauna da mai taswira su duba zanen.

Zaman farko ta gaya musu gaskiya. Ta ce mutane ba za su yi magana a biro ba ko shekara za a yi ana kiransu, kuma takarda ba ta yi wa wanda bai shiga lakwal ba magana. In ana son ji, a kai taswirar garin inda mutane suke, a zana ta a ƙasa. Mai taswira ya kai maganar sama. Kumandan ya yarda, da sharaɗin kada a mai da abin siyasa, ya kuma haɗa su da jandarma ɗaya.

A kan rairayin kwata aka yi, da safe bayan an sauke kifi. Mu muka kwaso toka daga murhunan banda, saurayin ya tuɓe takalmi ya riƙa zuba ta yana fitar da hanyoyi. Aka shimfiɗa igiyar jirgi ta zama kogi, aka kifa ƙwarya ta zama kasuwa. Da fari mutane daga nesa suke leƙe. Sai wani Basarke ya matso ya ce ba nan jirage ke tsayawa ba in ruwa ya cika, ya ja igiyar da ƙafa. Shi ke nan baki ya buɗe. Kafin azahar har jandarman da aka turo tsaro ya sa ƙafa yana nuna inda gidan hayarsa yake, yana tambaya ko shi ma abin ya shafe shi.

An yi irin wannan zama a unguwanni da dama, kuma kada jikokina su ɗauka abin daɗi ne zalla. Mutane sun fi yin faɗa da junansu a kan yi da gwamnati. Fulani suka ce babu burtalin da shanu za su bi su sha ruwa, masu lambu suka ce in an buɗe burtali ta wajensu sai dai a bi ta kan gawarsu. Masu shinkafa na son a bar fadama yadda take, masu motoci na son a cike wani gefe a yi wurin tsayawa. Har mari an yi a wata unguwa. Gwaggo ba ta raba faɗa, tambaya take yi. Ta ce wa mai lambu shanun nan yanzu ta ina suke bi, ya ce ta cikin lambunsa da ya juya baya. Ta ce to daga nan fa. Ya tsaya yana susar ƙeya.

Ita ma ba kullum take daidai ba. Ta rantse wa mai taswira cewa babu mai hankalin da zai bar bakin ruwa ya je ya zauna kan duwatsun arewa, ya goge ɗakunan nan ya huta. Ya ƙi, ya yi mata bayani a hankali, ba ta yarda ba. Yau ba unguwar da ta kai can cika, 'yata ma can take aure. Duk sanda Gwaggo ta je wurinta sai ta ce a nuna mata masu rashin hankalin ta gaishe su.

An gyara wasu abubuwa, wasu an bar su. Burtali ya shiga zane. Wurin banda an matsar da shi, amma kusa da ruwa, ba bayan gari ba. Hanyar gudron kuwa ta tsaya inda take.

Wata rana da la'asar mai taswira ya zo wurin banda, ina nan ina juya kifi. Zuwa lokacin yana kiranta Inna, tana ajiye masa tarwaɗa mai mai. Ya rage murya ya ce ya sake auna wurin, layin zai iya karkatawa kaɗan ya bar zaurenmu, ba wanda zai ce komai, kuma shi yana jin nauyin ya rushe mata gida bayan duk wahalar da ta yi. Zuciyata ta yi fari. Na dubi Gwaggo ina roƙon Allah ta ce na gode ta yi shiru. Sai na ji ta ce, in ya karkata, kan wa zai faɗa?

Ya ce akwai wasu bukkoki ta can gefen. Ta wanke hannu ta ce mu je ta gani. Mutanen fari ne, gida uku ko huɗu na dangi ɗaya, sun yi shekaru a wurin har sun fara ɗora tubali. Babu takarda a hannunsu, don haka in an tashe su ba su da bakin neman wani fili. Ta gaisa da matan, ta tambayi garinsu, ta tambayi yadda suke dafa wani ganye da ta gani a tukunya, ba ta ce musu komai game da hanya ba. A kan hanyar dawowa ta ce wa saurayin ya bar layinsa inda yake. Mu muna da bayan gida mai faɗi, za mu ja baya.

Ban san wanda ya kai wa Baba labari ba. Ya zo har ɗakinta, abin da bai saba ba, ya tsaya bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaya, zauren ubanmu aka miƙo miki, kika mayar."

Ta ce, "Da ban tambaya ba, da na karɓa da hannu biyu. Amma na tambaya, an gaya mini, na je na gani. Ka koya mini yadda zan koma ban sani ba."

Ya ce ubansu da hannunsa ya sare giginyar da aka yi azarar zauren nan, a ciki aka ɗaura auren kowannensu, a ciki aka yi wa tsohon salla. Ta ce ta sani, tana nan aka yi duka. Ya juya ya fita. Daga ranar ya daina cin abincin da ta aika, gaisuwa ma sai ta dole. Ni kaina na yi fushi da ita, ba zan ɓoye ba, don ina ganin yadda Baba ke zama a zauren yana shafa bango. Ita ma abin ya ci ta. Ta rage surutu, wani lokaci in ga ta riƙe kifi ta manta ba ta buɗe tumbinsa ba. Mutanen bukkokin nan kuwa ba su taɓa sani ba. Jikokinsu sun zo mana ta'aziyya a matsayin maƙwabta, suka yi addu'a suka tafi.

Abin haushi, hanyar ba ta zo da wuri ba. An canza kumandan, mai taswira ya koma Yamai, damina ta bi damina zauren na tsaye, 'yan'uwa biyu na zaman doya da manja a kan abin da ba a ma yi ba. Har mutane suka fara cewa takarda ce kawai. Sai wani rani aka zo aka shafa jan fenti a bangonmu.

Baba ya ce katafila ba za ta taɓa ginin ubansa ba. Ya tara 'ya'yansa maza suka hau suka kwance rufin da kansu, suna sauko da azara ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya kira Gwaggo. Ta zo da kanta ta naɗa gammo, ta shiga layin masu kwasar ƙasa zuwa bayan gida inda za a yi sabon gini, da tsufanta. Baba na ganinta bai ce ta bari ba. Da rana ta yi zafi aka zauna hutawa, magini ya tambayi inda za a fitar da ƙofar sabon zaure. Baba ya ce, ba tare da ya dube ta ba, a tambayi wadda ta ga takardar. Ta ce a fuskanci hanya. Ya ce a yi haka.

Bai taɓa cewa ta yi daidai ba. Har ya rasu in maganar ta taso cewa yake hanya ta ci zauren ubansa. Amma a daren ranar ya ci tuwonta, kuma sauran shekarunsa a ƙofar sabon zauren ya yi su, ita tana daga ciki a kan tabarma tana tambayarsa motar da ta wuce daga ina take, shi yana ba ta amsa da gunaguni.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba. Ƙafafu suka kumbura, likita ya ce zuciya ce ta gaji. Ta sa shi ya zana mata zuciyar a takarda ya nuna mata inda ta gaji kafin ta yarda ta sha magani. Ana saura kwana kaɗan ta ce a kira mata liman, ɗan wancan limamin da take hana cin abinci. Ta yi masa tambayoyi a kan kabari da abin da ke bayansa. Ya gaya mata abin da ya karanta, ta saurara da kyau, ta ce daga nan fa. Ya ƙara. Ta sake cewa daga nan fa. Ya yi murmushi ya ce, Inna, daga nan sai Allah.

Da ya fita na zauna kusa da ita ina kuka. Na tambaye ta ko tsoro take ji. Ta ce kaɗan, kamar na ranar da ta fara shiga jirgi a tsakiyar Kwara. Ta kama hannuna ta ce, "Duk rayuwata labarin wurin nan ake ba ni, kuma ba wanda ya ba ni da ya taɓa zuwa. Yanzu ni zan je in gani. Abu ɗaya ke ba ni haushi, ba zan samu dawowa in gaya miki yadda yake ba."

Da safiyar Alhamis ta cika, bayan ta yi salla a zaune. Allah ya sa abin da ta je ta tarar ya fi duk labarin da aka ba ta kyau, ya yafe mata, ya haɗa ta da ƙanenta a inuwa ɗaya.